Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgin Yaƙi: Wasa Farin Girki

Idan kaka ta yi, aka yanke dawa aka kwantar da kara a gonakin da ke kewaye da Keffi, akwai wata sana'a da kan tashi a unguwanni irin su Sabon Gari, wadda ba ta da sarki, ba ta da rumfa a kasuwa, ba kuma mai karɓar harajinta. Masu ita yara ne ƙanana, yawancinsu ba su gama firamare ba. Jarinsu bai wuce tsohuwar reza da sillen kara da 'yan ƙayoyi da yankin tsohon silifa ba. Sukan fere ɓawon karan su tsaga shi siri-siri, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su yi ta soka wannan cikin wancan, kafin la'asar sai ga mota ta fito da ƙafafunta huɗu. Wanda hannunsa ya faɗa kuwa ba ya tsayawa a mota, jirgin sama yake ƙerawa, jirgin ma na yaƙi, mai tsinin hanci da fukafukai a karkace baya.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, da wuya jirgin nan ya yi kama da wani jirgi da ke cikin rundunar wata ƙasa. Yaron bai taɓa tsayawa kusa da jirgin yaƙi ba, iyakarsa ya hangi wucewarsa a sama kamar walƙiya, ko ya ga hotonsa a talabijin ko a wayar yayansa. Saboda haka abin da ido bai kama ba sai zuciya ta cike. Wani ya sa wa nasa wutsiya biyu, wani ya jera masa inji huɗu, wani ya ɗora farfela irin ta jirgi mai saukar ungulu a gadon bayan jirgin da ya riga ya yi wa fukafukai. In mahaifinsa ya ce, "Kai, wannan kuma wane iri ne?" sai ya ce, "Baba, irin nawa ne." Sau da yawa ladan da yake samu tsawa ce, a ce ya bar shirme ya tafi ya ɗebo ruwa, jirgin kuwa ya ƙare a murhu.

To, lalle abin da ake jefawa a murhun nan ya fi makamashi daraja. Yaron da ya dubi jirgin da wasu suka ƙera ya ce shi ga yadda zai sake shi, ya riga ya taka matakin farko na aikin injiniya. Abu ɗaya ya rage masa, watau awo, shi ne kuwa abin da ya wajaba makaranta ta ba shi, amma ba ta ba shi ba. Ƙasar da ta shafe shekara 60 tana sayen jiragen yaƙi daga waje ba ta da dalilin raina wannan magana.

Wasan Manya A Ƙasashen Waje

A Ingila da Amurka da Jamus da Japan irin wannan wasa ba na yara kaɗai ba ne, har dattawa masu furfura suna kashe masa kuɗi, suna raba dare a kansa. Bambancin shi ne su ba kara suke ferewa ba. Akan sayar da jirgin ne cikin kwali, an zuba sassansa da roba ƙanana-ƙanana, tare da takarda mai nuna inda kowane sashe zai zauna, da 'yan tambura da lambobin da za a manna a jikinsa. Mai saye ya ɓalle sassan ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakinsu, ya haɗa su da gam, ya shafa fenti, ya ajiye a kan kanta. Wani jirgin a yini ɗaya ake gama shi, wani kuwa yakan ci watanni.

Sana'ar ta soma kafuwa a Ingila a 1932, sa'ad da aka fara sayar da wasu ƙananan jirage na katako masu suna Skybirds. A 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba, sa'an nan a shekarun 1950 kamfanin Airfix ya cika kantuna da su a farashin da ɗan makaranta zai iya biya daga kuɗin kashewarsa. Haka kamfanin Revell ya yi a Amurka, daga baya kuma Tamiya da Hasegawa suka taso a Japan.

Tun daga zamanin Skybirds aka tsayar da wani ma'auni wanda har yau ake bi, watau 1 bisa 72. Ma'anarsa ita ce kowane inci 1 a jikin ƙaramin jirgin yana matsayin inci 72 ne, watau ƙafa 6, a jikin jirgin gaske. Matuƙi mai tsawon ƙafa 6 zai koma inci 1 ke nan. Akwai kuma 1 bisa 48 da 1 bisa 32 ga mai son babba, da 1 bisa 144 ga wanda ɗakinsa ba shi da fili. Amfanin ma'auni shi ne ba ya bari hannu ya yi ƙarya. In aka jera jirage biyu masu ma'auni ɗaya, wanda ya fi girma a kan kanta shi ya fi girma a filin jirgi, kuma da daidai gwargwadon da ido ya gani.

Masu "Da A Ce"

Masu wannan sha'awa sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu bin diddigi, waɗanda ba sa yarda ko ƙusa ɗaya ta saɓa wa jirgin asali, har sukan yi gardama a kan launin fentin da wani jirgi ya ɗauka a wata shekara. Na biyu su ne waɗanda za a iya kira masu "da a ce". Su tambaya suke ƙerawa. Da a ce ba a soke aikin jirgi kaza ba, yaya zai kasance bayan shekara 20? Da a ce ƙasa kaza ce ta saye shi, wane fenti zai ɗauka? Da a ce an cire fukafukan wannan an sa wa wancan fa? Sai su sayi kwali biyu ko uku, su yanka, su haɗa, su fito da jirgin da bai taɓa tashi ba a duniya.

Tarihi kuwa ya tanadar musu abin yi da yawa, domin jiragen da suka mutu a ƙuruciya ba kaɗan ba ne. Ingila ta ƙera wani mai suna TSR-2, ya tashi a watan Satumba 1964, amma a watan Afrilu 1965 gwamnati ta soke aikin saboda tsada. Kanada ta yi wa nata jirgin Avro Arrow haka a watan Fabrairu 1959, har aka yayyanka waɗanda aka riga aka ƙera. A nahiyar Afirka ma, Masar ta zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir ta ɗauko shahararren injiniyan nan Bajamushe Willy Messerschmitt, aka ƙera wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna HA-300 a Helwan kusa da Alƙahira. Ya tashi a watan Maris 1964, amma a 1969 aka watsar da aikin, guda ɗaya yana can ajiye a gidan tarihi kusa da Munich a Jamus. Duk waɗannan jirage sun mutu a filin jirgi, amma suna nan da rai a kan kantar masu "da a ce", sanye da fentin rundunonin da ba su taɓa shiga ba.

Wanda ya fi su suna shi ne F-19. A shekarun 1980 jita-jita ta yaɗu cewa Amurka tana ɓoye da wani jirgi wanda na'urar hangen jirage ba ta iya ganinsa. Mutane suka lura cewa lambobin jiragenta sun yi tsalle daga F-18 zuwa F-20, suka ce lalle na ɓoyen shi ne na 19. A 1986 kamfanin Testors ya yi kirdadon siffarsa, ya zuba shi da roba, baƙi sumul mai lanƙwasassun gefuna, aka yi ta rububin sayensa, har maganarsa ta kai majalisar dokokin ƙasar. Da aka bayyana jirgin gaske a watan Nuwamba 1988, sai ga shi sunansa F-117, jikinsa kuwa duk kusurwoyi ne kamar an yanka gilashi. Kirdadon bai dace ba, amma ya nuna cewa wasan ya kai inda hukuma kanta take sa masa ido.

Sai dai wanda ya ƙware a wannan fanni ba ya yin ta da ka. In ya ƙara wa jirgi babban inji, dole ya faɗaɗa kafar da iska ke shiga, domin babban inji iska mai yawa yake sha. In ya ƙara masa tankin mai, dole ya nemi inda zai rataye shi ba tare da ya tare wa ƙafafu hanyar naɗewa ba. In ya tsawaita hancinsa, dole ya matsar da fukafukai ko ya ƙara nauyi a baya. Abokansa za su yi masa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, in ya kasa amsawa su yi masa dariya. Watau dai zuciya ce ke kawo siffa, amma lissafi ne alƙali. Yaron Sabon Gari yana da ta farko a yalwace, na biyun ne ba a gabatar masa ba.

"Da A Ce" Ta Nijeriya

Ba sai an je Ingila ko Kanada neman abin tambaya ba, domin tarihin Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya cike yake da shi. An kafa rundunar da dokar majalisa a watan Afrilu 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka kawo jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyat da L-29 na Cekosulobakiya. A 1975 aka kawo MiG-21. A farkon shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, waɗanda suka yi aiki a Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Daga 1984 aka karɓi Jaguar 18 daga Ingila. Daga baya aka sayo F-7 daga Sin, a 2021 kuma aka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan da Super Tucano guda 12 ta hannun Amurka. Da yawa daga cikin waɗannan jirage Makurdi ce mazauninsu, garin da matafiyi daga Keffi yake isa in ya bi ta Akwanga da Lafiya.

Mai karatu ya sake duba jerin nan, zai ga sunayen ƙasashe takwas ko fiye, ba sunan Nijeriya a ciki. Kowane jirgi yana zuwa da nasa irin ƙusoshi, da nasa littafin gyara, da nasa sharuɗɗa. Jaguar ɗin nan ba su cika shekara 10 suna aiki ba aka ajiye su, saboda kuɗin kula da su ya gagara, haka kuma MiG-21 suka bi sahu. Ranar da mai kaya ya ɓata rai, ko kuɗin waje ya yi wuya, sai jirgin miliyoyi ya zauna a rumfa saboda rashin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ga tambayar da ta fi ta TSR-2 nauyi: da a ce tun 1964 an soma renon hannayen da za su iya auna ɗan ƙarfen nan su zuba shi a Kaduna, jirage nawa ne da ba su mutu a zaune ba?

An taɓa gwadawa kuwa, kuma yadda aka yi abin lura ne. A Amurka akwai wani kamfani mai suna Van's Aircraft wanda a wancan lokaci yake sayar da ƙaramin jirgi mai farfela, RV-6A, a warware cikin akwatuna, mai saye ya haɗa abinsa a gida, kamar dai yadda ake haɗa na roba, sai dai wannan yana ɗaukar mutum ya tashi. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauki wannan jirgi aka yi masa gyare-gyare a Kaduna, aka raɗa masa suna Air Beetle, aka haɗa kimanin 60 domin koya wa sababbin matuƙan soja tuƙi. Watau jirgin da Nijeriya ta fi kusa da kiransa nata, asalinsa jirgin cikin kwali ne da aka yi wa "da a ce". Amma ba a ɗora a kansa ba, da ya tsufa sai aka koma kasuwa, daga 2016 aka shiga karɓar Super Mushshak daga Pakistan. Bayan haka an ƙaddamar da jirage marasa matuƙa guda biyu a Kaduna, Gulma a watan Disamba 2013 da Tsaigumi a watan Fabrairu 2018, na biyun da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma rijiya ba ta cika da guga ɗaya. Masana'antar jirage tana bukatar dubban hannaye, daga mai zane har mai walda, hannaye kuwa tun suna ƙanana ake horar da su.

Abin Da Awo Ke Koyarwa

Sayen jirgin kwali daga waje ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyaye, kuma ba shi ne abin nema ba. Kara da tukurwa da gwangwani da langa-langa sun wadatar, in aka haɗa musu rula da fensir da takarda. JF-17 tsawonsa kusan mita 15 ne. Yaron da aka ce ya ƙera shi a ma'aunin 1 bisa 72 dole ya mai da mita 15 santimita 1,500, ya raba da 72, ya sami kusan santimita 21. Faɗin Alpha Jet daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 9 ne da 'yan kai, a ma'aunin nan zai koma kusan santimita 12 da rabi. Yaron da ke gudun darasin rabawa a allo zai yi wannan lissafi da murna, domin amsar jirginsa ce. Sa'an nan a sa shi ya zana jirgin sau uku kafin ya taɓa reza, daga sama da daga gefe da daga gaba. Wannan shi ne zanen da injiniyoyi ke aiki da shi a duk duniya.

Darasi na biyu shi ne na daidaiton nauyi. Jirgin kara mai miƙaƙƙen fiffike, in ana so ya yi shawagi in an cilla shi, sai a ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukan. In ya tsaya daidai a wajen kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na faɗin fiffiken daga gabansa, zai tafi lafiya. In nauyin ya koma baya, zai ɗaga hanci ya faɗo, in ya yi gaba da yawa kuwa zai kife. Darasi na uku ya fi ban mamaki. In aka ninka girman jirgi sau 2 ta kowace fuska da irin kayan da aka yi na farko, shimfiɗar fiffikensa sau 4 take ƙaruwa, amma nauyinsa sau 8. Shi ya sa ƙarami yake shawagi, babbansa kuwa ya faɗo kamar dutse, yaro ya rasa laifin da ya yi.

Rashin wannan sani ne ke tsayar da masu basira a tsakiyar hanya. A 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa ya ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kimanin ƙafa 7. Duniya ta yi mamaki, aka buga hotuna, aka tafa. Irin wannan labari yakan ɓullo lokaci-lokaci daga garuruwa dabam-dabam, kuma yawanci a wurin tafi yake ƙarewa. Abin da irin waɗannan samari ke bukata shi ne malami da ɗakin gwaji da kayan awo.

'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da abin wasa suka fara su ma. A 1878 mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan jirgi na takarda da gora mai tashi da igiyar roba, suka yi ta wasa da shi har ya karye, suka ƙera nasu. Da suka girma suka zama masu gyaran keke a garin Dayton. Abin da ya raba su da sauran masu mafarkin tashi shi ne a 1901 sun ƙera wani akwati mai tsawon ƙafa 6 suna hura iska a cikinsa, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, suna rubuta abin da kowanne ya nuna. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi. Tsakanin abin wasan 1878 da jirgin 1903 shekara 25 ce, abin da ya cike tsakanin kuwa awo ne da haƙuri.

Jirgin Yaƙi Ba Abin Wasa Ba Ne

Wani mahaifi zai ce, to me ya sa za a ƙarfafa wa yaro sha'awar kayan kisa? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za a kauce mata ba, musamman a Jihar Nasarawa. A watan Janairu 2023 wani hari ta sama a yankin Doma ya hallaka mutane da dama, akasarinsu makiyaya. Kafin nan, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙi ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno. Ranar 3 ga Disamba 2023 kuma jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Iyalan waɗannan bayin Allah ba su san jirgi da kyan fenti ba, da makoki suka san shi. Duk wanda zai koya wa yaro ƙera jirgi, wajibi ne ya gaya masa wannan ma.

Amma abin lura shi ne, ƙananan jiragen nan an taɓa yin amfani da su domin hana irin wannan kuskure. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan ruwan Amurka sun nemi 'yan makarantun ƙasar su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako a ma'aunin 1 bisa 72, a shafa musu baƙin fenti, domin a koya wa mayaƙa bambance jirgin aboki da na maƙiyi kafin su ɗana kunama. Sanin abin da ido ya gani kafin a yi harbi rabin aikin soja ne. Bugu da ƙari, shi mai "da a ce" ba wanda ya ɗaure shi da bom. Malami yana iya ce wa yara su sake Alpha Jet ya zama jirgin ɗaukar mai naƙuda daga ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya, ko jirgin feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye gero da shinkafa, ko jirgin da idonsa zai iya rarrabe garken shanu da sansanin 'yan bindiga. Lissafin duk ɗaya ne, niyya ce ta bambanta. Ta fuskar addini kuma jirgi ba mai rai ba ne, ƙera siffarsa bai shiga saɓanin da malamai suka yi a kan surar masu rai ba.

Wa Ke Da Alhaki?

A da, makarantun firamare suna da lokacin aikin hannu, yara su saƙa faifai, su tufka igiya, su gina tukunya, a ba su maki. A makarantu da yawa wannan ya koma kawo tsintsiyar kasuwa ko 'yan kuɗi a madadinta. A 1982 aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 da nufin kowane ɗan ƙaramar sakandare ya taɓa zarto da guduma, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malamai. Kuskuren shi ne an fara da inji kafin a fara da hannu. Jirgin kara kuwa ba ya jiran lantarki.

Keffi ba baƙuwar ilmi ba ce. Garin da Abdu Zanga ya kafa wajen 1800 yana da Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manya, cikinsu har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana da Jami'ar Jihar Nasarawa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin Nasarawa a 1983. Abuja ba ta wuce tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ba. Abin da ake bukata bai kai a kafa masa kwamiti ba. Hedimasta ya ware sa'a ɗaya a mako bayan girbi. Hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma ta sa gasa tsakanin makarantun Sabon Gari da na sauran unguwanni, da sharaɗi biyu rak: kowane jirgi ya zo da zanensa mai ma'auni, kuma mai shi ya tsaya ya bayyana dalilin kowane canji da ya yi. 'Yan mata su shiga, domin hannun da ya iya zaren kaba a faifai ba zai gaza a kan kara ba. Ɗaliban jami'a su zama alƙalai, kafintoci da masu walda na gari su ba da shawara. Ita kuma Rundunar Mayaƙan Sama ta buɗe wa zakarun ƙofa su ga jirgin gaske, su ji cewa akwai Cibiyar Fasaha ta rundunar a Kaduna mai karɓar farar hula, akwai kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirage ta Zariya wadda take nan tun 1964.

Ba kowane yaro mai jirgin kara ne zai zama injiniyan jirage ba, ba kuwa a bukatar haka. Wanda ya koyi auna abu kafin ya yanka shi zai zama kafinta na gari, ko magini wanda gininsa ba ya rushewa, ko makanike wanda ba ya gyara da kirdado. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka in kaka ta zagayo, mahaifi ya ga ɗansa a gindin bango da reza da kara, kafin ya daka masa tsawa ya tsaya ya tambaye shi tsawon jirgin nawa ne, in bai sani ba ya saya masa rula. Allah ya shirya zuriya, ya sa wa hannayensu albarka, ya kuma zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.